Yadda ake gwada laftof kafin a saka mata Linux, da yadda ake sa batir ya daɗe

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Shi kuwa Windows 11, a hukumance, ba ya karɓar yawancin furosesan Intel da ba su kai zubi na takwas ba. To leƙa shagunan kwamfuta na Birnin Kebbi ka ga abin da ke jere a kanta: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460 da T470, duk 'yan Beljiyam masu zubi na shida da na bakwai. Irinsu ne a jakar ɗaliban kwalejin Waziri Umaru, da na jami'ar tarayya da ke Kalgo, da na Aliero. Ƙarfen nan lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta tsufa ta bar shi. Shi ya sa maganar Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke zama a madadin Windows, ta fara fita daga bakin 'yan sashen kwamfuta kaɗai ta shigo ta kowa.

Duk wanda ya zo da maganar, tambaya biyu yake yi: komai zai yi aiki? Batir fa? Babu buƙatar jita-jita a kan ko ɗaya. Linux yana tashi kai tsaye daga filash ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba, don haka ana iya gwada komai kafin a saka, har ma kafin a biya kuɗin laftof ɗin. Batir kuma aunawa ake yi da lamba.

Amma tsaya tukuna. Idan abincinka yana cikin CorelDRAW, ko Photoshop, ko AutoCAD, kamar masu buga katin biki da fastar 'yan siyasa, kada ka goge Windows. Waɗannan ba su da na Linux. Mai rubuta furojet, mai koyon rubuta manhaja, mai shiga intanet da kallon darasi, shi ne nake wa magana.

Abin da za ka sauke

Linux iri-iri ne. Ga mai farawa, Linux Mint 22 nake ba da shawara. An gina shi a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, ana kula da shi har 2029, kuma fuskarsa ba ta yi nisa da Windows ba. In RAM ɗinka giga 4 ne, ɗauki samfurin Xfce. In 8 ne ko sama, Cinnamon. Akwai kuma dalilin aljihu: fayil ɗin Mint bai cika giga 3 ba, na Ubuntu 24.04 kuwa yana kusan 6. Mutum ɗaya ya sauke da datar dare ya raba wa ajin gaba ɗaya, lasisin ya yarda, ba satar fasaha ba ce.

Sabis yakan yanke ana tsakiyar saukewa, fayil ya zo da naƙasa, sai ana cikin sakawa ya tsaya cak. A shafin da ka sauke akwai wata doguwar lamba mai suna sha256, ka kwatanta ta da ta fayil ɗinka. Sannan ka samu filash mai giga 8, ka rubuta fayil ɗin a kai da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge, ka kwashe tun da wuri.

Kafin ka bar Windows

Kwafe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri. Idan BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifan kwamfuta, a kunne yake, nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda, don taɓa saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya buɗe, kan sa ya tambaye ta, kuma in babu ita an kulle ka waje ke nan. Kashe Fast Startup a saitin wuta. In akwai sabon BIOS daga kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, yanzu ne lokacin sakawa, amma da cikakken caji da caja a jone, a wurin da ka amince da wutarsa, misali mai sola da inbata.

Sai ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ba ka rahoto mai lamba biyu: abin da batir yake ɗauka yana sabo, da abin da yake iya ɗauka yau. Rubuta su. Za su hana ka ɗora wa Linux laifin da ba nasa ba.

Gwajin filash

Soka filash, kunna kwamfuta, ka riƙa danna maɓallin zaɓen abin da za a taso da shi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Zaɓi filash ɗin. Bayan ɗan lokaci Mint zai buɗe. Kada ka taɓa alamar sakawa tukuna. Zai ɗan yi nauyi saboda daga filash yake karantawa, wannan ba aibu ba ne.

Fara da wayfai, domin nan ne aka fi samun tangarɗa. Kunna hospot na wayarka ka ga ko zai gan shi ya shiga. Buɗe taminal (Terminal), wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta lspci -nnk, ka nemi layin da ke da kalmar Network. In ka ga Intel, ka huta, direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin wayfai aiki, yana cikin Linux tun asali, kuma yawancin EliteBook da Latitude da ThinkPad shi suke ɗauke da shi. Atheros ma ba ya ba da wahala. Broadcom, wanda ake samu a tsofaffin Dell da HP da MacBook, yakan buƙaci a sauko masa da direba daga Driver Manager. Nan mutum yake cewa, to ta ina zan sauko da shi alhali wayfai ɗin ne ba ya aiki? Jona wayar Android da kebul, ka kunna USB tethering a saitinta. Linux yana ganin ta nan take ba tare da wani direba ba.

Realtek sai a hankali. Akwai wani kati, RTL8723BE, da ke cikin ƙananan HP masu araha da yawa. Yana aiki, amma sai ka ga waya tana gefen kwamfuta sabis ɗin sanda ɗaya ne. Dalili shi ne katin yana da mazaunin eriya biyu, kamfani ya jona waya ɗaya kawai, direba kuma yana sauraron wanda babu komai. Bayan ka saka Linux, wannan layin yake gyarawa:

echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf

Ka sake kunna kwamfuta. In 2 bai yi ba, mayar da shi 1. Idan kuma wayfai bai bayyana ba sam, rubuta rfkill list. In ya ce hard blocked: yes, to maɓalli ne a jikin kwamfutar ko a BIOS ya kashe shi, ba laifin direba ba.

Sauran gwajin da sauri ake yi. Kunna wani sauti ka ji lasifika, sannan ka soka iyafis ka tabbatar sautin ya koma can. Gwada makirfo da kyamara, musamman in kana darasi ta Zoom. Danna maɓallan ƙara haske da ragewa. Wannan kada ka tsallake shi, don in haske ba ya raguwa batir ya shiga uku. Gwada Bluetooth, da kowace kafar USB, da HDMI in za ka riƙa jona furojekta ranar kare furojet. Rufe murfi, jira minti ɗaya, buɗe: ta farka? Wayfai ya dawo? Na'urar karanta yatsa ita ce ta fi yawan ƙin aiki, musamman a T470 da T480. Ni ba na ganin wannan dalilin fasa komai ne.

Abu biyu ne suke sa in ce a dakata a yi tunani. Na farko, in ka buɗe manhajar sakawa ba ta ga faifan kwamfutar ba. Sau da yawa, musamman a Dell, BIOS yana kan RAID On ne, sai an mayar da shi AHCI. In za ka goge Windows, canza kawai. In za ka bar shi, sai ka fara sa Windows ya tashi a Safe Mode sau ɗaya lokacin canjin, in ba haka ba zai gaishe ka da shuɗin allo. Na biyu, in lspci ya nuna katin hoto na NVIDIA tare da na Intel. Zai yi aiki, amma akwai ƙarin hidima, za mu zo kanta.

In saye za ka yi, tafi shago da filash ɗin a aljihu. Mai shago zai ce maka, "Yallaɓai, wannan awa huɗu take yi cur." Ba lallai ƙarya yake ba, wataƙila haka aka gaya masa a Legas ko Kano inda ya saro. Ce masa, "Alhaji, a ba ni minti goma in duba." Taso da Mint, zare caja, rubuta upower -d. Dubi energy-full-design, abin da batir ke ɗauka yana sabo, da energy-full, abin da yake ɗauka yau. In na farko 45 Wh ne na biyu 27 Wh, kashi 60 cikin 100 ne ya rage, kuma ka samu abin yin ciniki: ko a rage kuɗi, ko a canza batir. Mai gaskiya ba ya hana wannan gwajin. Wanda ya hana, gaba akwai wani shagon.

Sakawa

Wannan ne mafi sauƙi. Caji ya cika, caja a jone. In za ka ajiye duka biyun, zaɓi sakawa a gefen Windows ka ba Mint aƙalla giga 50. In ka yi alama a akwatin kayan sauti da bidiyo alhali Secure Boot, wani tsaro da ke cikin BIOS, yana kunne, zai nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri. Da ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito: zaɓi Enroll MOK, ka ci gaba, ka saka kalmar. Mutane da yawa suna tsorata su wuce shi, daga baya direban NVIDIA ko na Broadcom ya ƙi tashi.

Bayan an gama, buɗe Update Manager ka sabunta komai, sannan Driver Manager, sannan ka sa Timeshift ya ɗauki hoton tsarin don ranar da wani saiti zai ɓaci. A saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya, ka ƙara shi ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafowa daga wani wuri ba.

Mai Windows da Linux tare zai lura agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, mu kuma muna gabansa da awa guda. Ga mai duba lokacin sahur a kwamfuta wannan ba wasa ba ne. Maganinsa a Linux: timedatectl set-local-rtc 1.

Maganar batir

Batir tankin babur ne: Wh shi ne yawan man da ke ciki, W kuma yadda injin ke sha. Raba na farko da na biyu, ka samu awannin da za ka yi. Zare caja, bar kwamfuta ta natsu minti biyu, sake rubuta upower -d, ka dubi energy-rate. Mai 27 Wh ɗin nan, in tana shan 9 W, awa 3 ce. In ka sauko da ita 6 W, awa 4 da rabi. Duk aikin da ya rage na sauko da wannan lambar ne, kuma bayan kowane canji ka sake aunawa. Abin da bai motsa lambar ba, bar shi.

Gaskiya ne wasu laftof sun fi daɗewa a Windows, domin kamfanonin da shi suke gwada saitinsu. Amma a irin waɗannan na ofis masu Intel zalla, tazarar ba ta da yawa, kuma manyan ɓarayin caji sanannu ne.

Na farko allo. Sauke haske daga ƙololuwa zuwa kashi 30 ko 40, ka kalli energy-rate da idonka. A cikin ɗaki wannan hasken ya isa. Kashe fitilar madannai da rana, kashe Bluetooth in ba ka amfani da shi.

Na biyu NVIDIA, ga mai shi. In katin nan yana farke, shi kaɗai yana iya ninka abin da kwamfuta ke sha, fanka ta yi ta kuka ba ka yin komai. Saka direbansa daga Driver Manager, sannan ka rubuta sudo prime-select intel ka sake kunnawa. Ranar da kake buƙatarsa, sudo prime-select on-demand. Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike, shawarata tun a shago ya guji mai NVIDIA. Kuɗi ne ka ƙara don ka sayi zafi.

Na uku bidiyo, kuma nan ne mutane suka fi cewa Linux na cin batir. A cikin furosesan Intel akwai wani sashe da aikinsa kawai warware bidiyo da ɗan wuta kaɗan. In burauza ba ta amfani da shi, sai babban furosesa ya ɗauki nauyin, kwamfuta ta yi zafi. Rubuta sudo apt install intel-media-va-driver vainfo intel-gpu-tools. Kunna bidiyo a Firefox, ka buɗe taminal ka rubuta sudo intel_gpu_top. In layin Video yana motsi, madalla. In yana kan sifili, ga abin da ya fi yawan jawowa: YouTube yana aiko da bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, alhali zubi na shida bai iya warware VP9 gaba ɗaya da kansa ba sai daga na bakwai, AV1 kuwa sai daga na goma sha ɗaya. Tsarin H.264 ne kowa ya iya. Akwai ɗan ƙari na burauza mai suna enhanced-h264ify da ke tilasta wa YouTube ya aiko da shi. Ka haɗa da sauke ingancin zuwa 480p, ka tsira da caji ka tsira da data. Darasin da za ka maimaita kuwa, sauke shi sau ɗaya ka kalla da VLC.

Na huɗu ba ruwansa da Linux, amma a garin nan ya fi duka. Da an ɗauke wuta sai kowa a gida ya miƙo waya: "Yaya, don Allah a ɗan soka min." Batirin waya mai 5000 mAh yana kusan 19 Wh. Laftof ɗin da ta rage da 27 Wh, waya ɗaya ta kusa shanye ta. Yawancin na ofis kuma suna da kafar USB da ke ba da wuta ko an kashe kwamfuta. In ba ka so, ana kashe ta a BIOS. Yadda za ka yi da ƙannen naka kuwa, wannan tsakaninku ne.

Sai barci. Rubuta cat /sys/power/mem_sleep. In kalmar deep ce a cikin baka, wato [deep], barci mai nauyi take yi, caji kaɗan take ci har gari ya waye. In s2idle ce a cikin baka kuma deep tana gefe, buɗe /etc/default/grub, ka ƙara mem_sleep_default=deep a layin da ke da quiet splash, ka rubuta sudo update-grub. Wasu ThinkPad suna da zaɓin Sleep State a BIOS, a mayar da shi Linux. Wasu sababbin kuwa s2idle kaɗai gare su, babu yadda za a yi. Irin waɗannan, in za ka sa a jaka ka hau kabu-kabu, kashe ta gaba ɗaya. Da SSD, wato faifai mai sauri, tashi ba ya ɗaukar lokaci, kuma kwamfutar da ta farka a cikin jaka da ranar Afrilu abin tausayi ce.

Bayan waɗannan ne ake zuwa ga TLP, shirin tattalin caji na Linux, wanda mutane suke fara ambata kamar shi ne komai. Yana taimakawa: yana sa faifai da katin sauti da wayfai da kafofin USB su huta in ba a jone da caja ba. Ana saka shi da sudo apt install tlp, kuma saitinsa na asali ya wadatar. Sharaɗi ɗaya: kada ya zauna tare da power-profiles-daemon, wanda ke zuwa da Ubuntu da sababbin Mint, don za su riƙa warware wa juna saiti. Zaɓi ɗaya. Akwai kuma powertop na kamfanin Intel. Yi amfani da shi ka ga wace manhaja ce ke hana furosesa hutawa, sau da yawa shafuka ashirin ne a buɗe a burauza. Amma zaɓinsa na --auto-tune yakan sa linzamin USB ya riƙa yin barci a hannunka, ni ba na kunna shi.

Iyakar caji da zafi

Batirin litiyam ya fi saurin tsufa in yana zaune a cike kuma cikin zafi. Shi ya sa ake ba da shawarar tsayar da caji a kashi 80. A ThinkPad, cikin /etc/tlp.conf, ana saka START_CHARGE_THRESH_BAT0=75 da STOP_CHARGE_THRESH_BAT0=80, in mai batir biyu ce a maimaita da BAT1. A Dell Latitude zaɓin yana cikin BIOS ƙarƙashin saitin cajin batir. HP na ofis da dama suna da Battery Health Manager a BIOS. Umarnin sudo tlp-stat -b zai gaya maka ko TLP zai iya saka wa taka iyakar.

Sai dai waɗanda suka tsara shawarar nan wutarsu ba ta yankewa. In kana ofis ko gida mai sola, kwamfuta kullum a jone, saka iyakar, za ka ga amfaninta bayan shekara. In kuwa awannin wutarka ƙidayayyu ne, barin kashi 20 na tanki fanko asara ce ta yau don ribar baɗi, ban ga hikimar ba. Akwai tsaka-tsaki: bar iyakar, ranar da za ka yi tafiya Yauri ko Zuru ka rubuta sudo tlp fullcharge ta cika sau ɗaya.

Abin da ya fi kashe batir a nan zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe hanyar iska. Saka lm-sensors, ka rubuta sensors. In kwamfuta ba ta aikin komai amma furosesa yana sama da 60, ko fanka ba ta yin shiru, kai wa mai gyara ya buɗe, ya share fanka, ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, ya isa. Kada a ɗora ta a katifa ko dardumar salla, iska ta ƙasa take shiga. Ko faranti aka kife aka ɗora ta ya fi. Kada a bar ta cikin mota a rufe da rana.

In ka ga wurin shafa yatsa ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya buɗe ta gefe, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, kada ka danna shi, kada ka huda shi, a cire. Wajen sayen sabo ka karanta lambar da ke jikin tsohon ka nemi irinta, kuma kafin ka bar shagon ka taso da Mint ka rubuta upower -d, ka tabbatar energy-full ya yi kusa da abin da aka rubuta a kwalin.